Furodusan da ke bin tsuntsu da kyamara ba mara aikin yi ba ne

Ranar Asabar da la'asar sakaliya ina shagon aski ina jiran layi ya zo kaina. Talabijin ɗin da ke maƙale a bango yana kan wata tashar waje mai nuna namun daji. Muryar tsohon Baturen nan David Attenborough na fita a hankali, a hoton kuma wata tsuntsuwa ce ke ɗura wa 'ya'yanta tsutsa a baki. Wani dattijo da ke gefena ya girgiza kai ya ce, "Kai, ƙoshi bai yi ba. Mutum ya tsufa tukuf, ba shi da aiki sai leƙen sheƙar tsuntsu."

Mai askin ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ai Baba, mu ma muna da irinsa. Akwai wani furodusa a gidan talabijin, babban ma'aikaci fa, duk ranar hutu sai ya rataya kyamara ya nufi fadama, ya wuni cikin sauro wai yana jiran zalɓe ya kama kifi. Abokan aikinsa ma cewa suke a sa shi a addu'a."

Shago ya ɗauki dariya. Ta farkon ba ta dame ni ba, don Baturen ba jin mu yake ba. Ta biyun ce ta tsaya min a rai, saboda wannan namu ne, kuma na san yadda irin wannan dariyar ke sa mutum ya ajiye abin da yake so ya koma sahun kowa.

Ra'ayina a fili yake. Ma'aikacin talabijin da ke kashe hutunsa wajen ɗaukar hoton tsuntsu da namun daji, sana'arsa yake wasawa. Tashar da ke da irin wannan mutum tana yi masa kallon taɓaɓɓe, arziki ne a hannunta ba ta sani ba. Kuma rashin shirye-shiryen dawa da harshenmu a tashoshinmu asara ce da ta shafi manomi da makiyayi da ɗan makaranta, ba ta masu kuɗi da 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ce.

Tsohon da aka fara yi wa dariya

Mutane da yawa sun san muryar Attenborough, kaɗan ne suka san cewa furodusa ne tun kafin ya zama mai magana a gaban kyamara. An haife shi a 1926, ya tashi a garin Leicester na Ingila, inda tun yana yaro yake hawa keke ya shiga ƙauye yana tsintar duwatsu masu ɗauke da burbushin halittun da suka shuɗe. Ya karanta ilimin dabbobi da na duwatsu a Jami'ar Cambridge. Da ya nemi aikin rediyo a BBC ba a ɗauke shi ba. Sashen talabijin ne ya jawo shi, ya kama aiki sosai a 1952, lokacin ko akwatin talabijin ba shi da shi a gida. Shugabarsa ta farko ma ba ta so ya riƙa fitowa a hoto, wai haƙoransa sun yi girma.

Aikin da aka ba shi aikin kowane furodusa ne: shirin kacici-kacici, shirin waƙoƙin gargajiya, jawaban 'yan siyasa. A 1956, da rikicin mashigin Suwez ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Masar ta Jamal Abdul Nasir, shi ne furodusan da ya shirya jawabin da Firayim Minista Anthony Eden ya yi wa al'ummar ƙasarsa ta talabijin. Wanda za a damƙa wa irin wannan aiki a irin wannan rana ba sakarai ba ne.

Amma zuciyarsa tana dawa. A 1954 ya shawo kan shugabanninsa suka bar shi ya bi ma'aikatan gidan ajiye namun daji na Landan zuwa Saliyo, nan yankinmu na Afirka ta Yamma, neman wani tsuntsu mai sanƙo da ke gina sheƙarsa da laka a jikin duwatsun kurmi. Daga nan shirin Zoo Quest ya samo asali. Wanda aka shirya zai gabatar da shirin, Jack Lester, rashin lafiya ta kama shi, dole furodusa ya fito daga bayan kyamara ya tsaya a gabanta. Shirin ya ci gaba har 1963, ya kai shi har tsibirin Komodo na Indunusiya, inda ya ɗauko wa jama'a hoton ƙaton guzan nan da yawancinsu ba su taɓa gani yana motsi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne abin da ya biyo baya. A 1965, bai cika shekara arba'in ba, aka naɗa shi shugaban tashar BBC ta biyu, wadda a lokacin jaririya ce. A hannunsa tashar ta zama ta farko a Turai da ta fara watsa shirye-shirye masu launi a kai a kai, a 1967, aka buɗe da gasar tanis ta Wimbledon. Shi ne ya sa aka fara nuna wasan sunuka da launi a 1969, don ya lura cewa wasa ne da ba ya kalluwa a baƙi da fari, sai an ga ja da kore da ruwan ɗorawa. Matasanmu da ke cika teburan sunuka a unguwanni suna kwaikwayon gwanayen da suka gani a talabijin, ga inda abin ya faro. A 1969 ɗin aka ƙara masa girma ya zama mai kula da shirye-shiryen tashoshin BBC biyu gaba ɗaya, har aka fara ambaton sunansa cikin waɗanda za su iya shugabantar hukumar baki ɗaya.

Sai ya ajiye kujerar a farkon shekarun 1970 ya koma daji. Da a wurinmu ne, dangi za su taru a yi masa faɗa, a ce an yi masa asiri. Abin da ya fito daga wannan komawa shi ne shirin Life on Earth na 1979, kashi 13, wanda aka shafe shekara uku ana ɗauka a ƙasashe fiye da talatin. A cikinsa ne aka gan shi kwance cikin ciyawa a duwatsun Ruwanda, 'ya'yan goggon biri na hawa jikinsa. Bayan wannan ya yi ta jero manyan shirye-shirye har shekarunsa suka haura casa'in yana aiki. A tsakani, daga 1986 zuwa 1991, shi ke shirya jawabin Kirsimeti na Sarauniyar Ingila. Ya ci kyautar BAFTA, ta gwanayen fim da talabijin a Birtaniya, a zamanin baƙi da fari, ya ci a zamanin launi, ya ci a zamanin hoto garau na yau.

To, wannan shi ne mutumin da ba shi da aiki sai leƙen sheƙar tsuntsu.

Me zaman fadama ke koya wa furodusa?

Wani zai ce, na ji, Attenborough daban ne, amma mutuminmu na fadama lokacin da ya kamata ya huta ko ya nemi na cefane yake ɓatawa. Wannan ita ce suka ta farko, kuma mai yin ta bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake ɗaukar hoton tsuntsu ba.

Mai son hoton zalɓe, ana idar da sallar asuba yake fita, don hasken da yake so na ɗan lokaci ne, kafin rana ta take ta wanke launin komai. Sai ya zagaya ya sa rana a bayansa. Sai ya duba inda iska ke kaɗawa. Ba ya sa farar riga. Idan ya samu gindin wata gabaruwa a bakin ruwa, ya zauna ke nan, ƙafa ta yi sanyi ba halin miƙewa, sauro na cizo ba halin mari. Zalɓen yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa kamar an dasa shi. Mai hoton ya san cewa kafin ya kai sara, wuyansa zai ɗan lanƙwashe, kansa ya karkata gefe. Wanda bai san wannan alamar ba, sai dai ya ga kifi a bakin tsuntsu, hoto ya wuce shi. Wata rana a koma gida da hoto ɗaya mai kyau, wata rana a koma hannu rabbana.

Maharbanmu na dā sun san wannan ilimin sarai. Mutum zai ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sassara ƙasa kamar tsuntsun, har ya iso kusa da barewa ba ta farga ba. Mai kyamara magajinsa ne, bambancin kawai shi idan ya tashi barewar na nan da ranta.

Yanzu a ɗauki mutumin da ya saba da wannan zama a tura shi sansanin 'yan gudun hijira, ko asibitin ƙauye, ko kasuwar hatsi ranar da farashi ya tashi. Ba zai cusa wa mace makirfo a baki yana "Hajiya, yaya kika ji?" ba. Zai zauna har a manta da shi. Zai ga hannun da ke auna rabin kwano maimakon kwano, ya ɗauka, ba sai kowa ya yi bayani ba. Ya koyi jira, ya koyi karanta haske, ya koyi yin shiru.

Wannan kuwa shi ne abin da ya fi ƙaranci a talabijin ɗinmu. Kunna kusan kowace tasha da daddare: kujeru biyu ko uku, tebur da fulawar roba, mutane na magana awa guda. Idan ka rufe ido ba ka rasa komai ba, rediyo ne aka sa masa fitila. Ba na raina hira, muna buƙatarta. Amma talabijin an yi shi ne don ido, kuma gani ya kori ji. Furodusan da ya saba farautar hoto shi ne zai iya fitar da tasha daga cikin ɗaki.

"Mutane na fama da yunwa da rashin tsaro"

Wannan ce sukar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Mutumin da bai san abin da iyalinsa za su ci da dare ba, ko wanda aka sace ɗan'uwansa, yana da haƙƙin ya ji haushi idan aka ce masa zo ka ga gauraka.

Sai dai mu duba sunayen dazuzzukan da ke cikin labarai kullum. Sambisa, kafin duniya ta san shi da yaƙi, gandun namun daji ne da gwamnati ta keɓe, akwai giwaye da jiminu a cikinsa. Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari gandun ƙasa ne. Falgore a kudancin Kano gandun namun daji ne. Shekara da shekaru ba mai zuwa, ba mai nunawa, ba mai tambayar ko ma'aikatan gandun na samun albashi da mota da takalmi. Ba ina cewa shirin talabijin zai kori ɗan bindiga ba. Ina cewa wurin da idon jama'a ba ya kai, shi hukuma ke fara mantawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da akwai furodusa ɗaya da ke shiga waɗannan wurare duk shekara yana dawowa da hoto, da an ga ranar da aka fara sare itatuwa, da ranar da masu gadi suka daina kwana a ciki.

Batun yunwa ma ba a raba shi da dawa. Tambayi manomin shinkafa a fadamar Haɗeja ko a Kebbi game da jan-baki. Tun kafin gari ya waye yaransa suna gona, sun ja igiya an rataya gwangwanaye, suna kaɗawa suna ihu har faɗuwar rana, makaranta kuwa sai bayan girbi. Garke ɗaya na wannan ɗan ƙaramin tsuntsu yana iya sauka a gona ya bar kara tsaye. A ina yake kwana, yaushe yake ƙyanƙyasa, me ke kawo shi wata shekara da yawa wata shekara kaɗan? Wannan shirin namun daji ne, kuma shirin abinci ne. Manomin da aka ce ba ruwansa da tsuntsu zai kalle shi har ƙarshe.

Ga kuma ungulu. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya tuna su jere a kan rufin mahauta da katangar kasuwa, suna jiran a watsar da kayan ciki. Mushen jaki ba ya kwana biyu a bayan gari. Yau fa? Yaro zai gama firamare a birni bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai dai ya ji "ungulu da kan zabo" a bakin manya. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, masu neman sassan jikinsu don tsibbu na kashe su. Mushen da dā suke kwashewa kyauta yanzu yana ruɓewa a inda ya faɗi, karnuka da ƙudaje su gaje shi. Wannan maganar lafiyar jama'a ce. Kuma abin ya faru a gaban idonmu, da gidajen talabijin a kowace jiha, ba tare da an taru an nuna mana yadda rufin mahauta ya koma fayau ba.

A Nijar an ga ɗaya fuskar. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Da aka sa musu ido, hukuma da mutanen ƙauyuka da masu bincike suka haɗa kai, adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji. Matasan yankin sun samu aikin ja-gora. Harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayukan Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya durƙusar da wannan sana'a. Wato dabbar da mutumin ƙaddararsu ɗaya: zaman lafiya ya ciyar da su tare, rashinsa ya cuce su tare.

"Ai wannan al'adar Turawa ce"

Ba na jin mai wannan magana ya saurari harshensa da kyau. Mu ne muke jiran shamuwa don mu san damina ta kusa. Mu ne muka san carki a bayan sa, da belbela a bayan garke, da cilakowa, da hasbiya, da yadda dila ke wayo da yadda kura ke hauka. Tatsuniyoyinmu cike suke da su, kirarin sarakunanmu giwa ce da zaki da ɓauna. Mutanen da suka sa wa kowane tsuntsu suna ba baƙi ba ne a wannan fage. Kyamarar ce kawai ta zo daga waje, kamar yadda makirfo da injin niƙa suka zo.

Kuma ba Bature kaɗai ya riƙe ta ba. Mohamed Amin, haifaffen Nairobi a 1943, Musulmi, ya kafa kamfaninsa na hoto a Darussalam a 1963. Ya ɗauki juyin mulki da yaƙe-yaƙe, ya ɗauki aikin Hajji har ya fitar da littafin hotunansa, ya kuma cika rumbunsa da hotunan giwaye da zakuna da filayen Kenya da Tanzaniya. Wannan idon ne ya shiga Korem ta Habasha a watan Oktoban 1984 ya ɗauko hoton yunwar da ta girgiza duniya, har aka yi gangamin tara tallafi a 1985. Ya rasa hannunsa na hagu a fashewar rumbun makamai a Addis Ababa a 1991, ya koma aiki da hannun roba, ya rasu a 1996 a jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoro. Babu wanda zai ce hoton giwa ya hana shi ganin yaro mai yunwa.

Akwai masu kawo batun addini, su ce ɗaukar hoton mai rai. Malamai sun yi bayanai a kan hoto, wannan fagensu ne, a koma gare su. Abin da zan ce kawai, kyamarar da ke ɗaukar tafsiri a watan azumi da labaran ƙarfe tara ita ce ke ɗaukar zalɓe, wanda ya yarda da waɗancan bai kamata ya ware wannan ba. Game da kallon halitta kuwa, Alƙur'ani da kansa ya tambaye mu ko ba ma duban raƙumi yadda aka halicce shi, ya nuna mana tsuntsaye a sama suna buɗe fukafukai suna naɗewa, ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Akwai surar Saniya, da ta Kudan Zuma, da ta Tururuwa, da ta Gizo-gizo, da ta Giwa. Na sha ganin tsofaffi na kallon irin shirin nan suna ta "Allahu Akbar, ikon Allah", ba tare da sun ji kalma ɗaya ta Turancin ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba zan wanke Attenborough da abokan aikinsa tas ba. Tafiye-tafiyensa na farko na kamo dabbobi ne a kai su keji a Landan, abin da shi kansa daga baya ya ce ba zai yiwu a yi yanzu ba. A 2011 an gano cewa wani hoton jariran farar dabbar nan ta yankin ƙanƙara da Turawa ke kira polar bear, a shirin Frozen Planet, a gidan ajiye namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke shi, mai kallo kuwa ya ɗauka a daji ne. Ya kuma daɗe yana nuna duniya kamar aljannar da hannu bai taɓa ba, alhali ana sare kurmi ana cika teku da leda. Sai wajen 2006 ya fito sosai kan sauyin yanayi, sai a 2017 ya nuna wa duniya abin da robobi ke yi wa halittun ruwa.

Laifin da ya fi taɓa ni shi ne Afirkar da ba mutane. Ka kalli awa guda na gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, ka ga zaki, ka ga jakin dawa, ba ka ga mutum ko ɗaya ba, kamar ƙasar ba ta da masu ita. Alhali Masai makiyaya ne a wurin kafin a fitar da su a 1959, kuma har yau ana rigimar filaye da su a arewacin Tanzaniya da sunan kare namun daji. Hoto irin wannan yana koya wa mai kallo a Turai cewa baƙar fata matsala ne a cikin dajinsa.

Amma maganin wannan ba mu juya wa kyamara baya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Furodusa ɗan ƙasa idan ya je Kure zai nuna raƙumin dawa da tsayinsa da kyansa, zai kuma nuna manomin da aka cinye wa wake da mangwaro, ya bar shi ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa. Idan ya je Yankari zai nuna giwayen, ya nuna ruwan Wikki, ya kuma shiga ƙauyukan gefe ya ji yadda ake kwana a gona ana buga garwa idan garken ya fito. Baƙon da ya zo na mako uku da tafinta ba zai samu wannan ba, ko ya so.

Kuɗin fa?

Gaskiya ne, tashoshinmu ba su da kuɗin sashen namun daji na BBC da ke Bristol, wanda tun 1957 yake wannan aiki. Ba jirgi mai saukar ungulu, ba ma'aikatan da za a biya su yi wata uku a gindin dutse. Wasu tashoshin ma man janareta ke gagararsu.

Sai dai a tuna da abin da aka fara. Kyamarar da Charles Lagus, mai ɗaukar hoton Zoo Quest, ya riƙe a Saliyo a 1954 ta hannu ce, ana wana ta kamar agogo, faifan fim ɗaya ba ya kai minti uku, ba ta ɗaukar murya, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an koma Landan an wanke. Wayar da ke aljihun ɗan sakandare a yau ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da suke da shi wanda ya fi kayan aiki shi ne shugaban da ya ce, je ka gwada.

Ba Life on Earth nake nema ba. Minti goma sha biyar a mako, da Hausa, ya isa a fara. Mako ɗaya shamuwa da sheƙarta a kan kukar tsakiyar gari. Wani makon jemagun da ke fita da magariba. Wani makon agwagin ruwa da ke tsallako hamada daga Turai su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru lokacin sanyi. Masana suna nan: cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta shafe sama da shekara ashirin tana yaye ɗalibai, cikinsu akwai 'yan Arewa masu jin Hausa. A haɗa ɗaya daga cikinsu da tsohon maharbi, ko sarkin ruwa, ko Bafulatanin da ya san kukan kowane tsuntsu da abin da yake nufi ga garkensa, a zaunar da su a bakin ruwa maimakon cikin ɗaki.

Wannan ɓangaren na tsofaffi shi ne mai gaggawa. Sunayen tsuntsaye da ciyayi da yawa a kansu kawai suke, ba a rubuce ba, kuma 'ya'yansu sun koma acaba da sayar da katin waya a birni. Wanda zai iya zama da su ya naɗi abin da suka sani, ya kuma samo hoton tsuntsun da suke magana a kai, shi ne furodusan da ya riga ya san hanyar fadama. A ba shi kuɗin mai, da mataimaki ɗaya, da kwana biyu a mako, da fili bayan labaran yamma lokacin da yara ba su yi barci ba. Masu sayar da taki da irin shuka da maganin dabbobi, waɗanda dama manomi da makiyayi suke nema, su ne na farko da ya kamata sashen talla ya ƙwanƙwasa wa ƙofa.